Faifan da Kwabo Ya Cinye

Duk sanda mai ɗakina ta jefa ƙosai a cikin mai, wannan ƙarar ta farko da take tashi kafin ƙamshi ya biyo baya, sai in ji gabana ya ɗan faɗi. Ba yunwa ba ce. Irin ƙarar da allura take yi ce in ta sauka a bakin faifan garmaho, kafin makaɗi ya buɗe baki. Wanda ya tashi ya tarar da waƙa a cikin waya ba lallai ya gane abin da nake faɗa ba, shi yana dannawa take farawa. Mu a lokacinmu sai an jira. Ni kuwa ba mu taɓa shiri da jira ba. Tun ina yaro ake ce mini mai ƙaiƙayin ƙafa, yau ga furfura a gemuna amma ban iya shanye kofin shayi ba tare da na miƙe na leƙa waje ba.

A wani ƙauye na tashi arewa da Ɗanbatta, irin garuruwan nan da gona take farawa daga jikin katangar gida, in ka yi kiran ɗanka maƙwabci ya amsa daga tasa gonar. Mahaifina ya rasu ina goye. Ba hoto, ba komai. Da Inna ta fita takaba sai aka ɗaura mata aure da ƙaninsa, don kada maraya ya bar gidan ubansa. Shi ne Baffa, shi ya riƙe ni, kuma ban taɓa ganin ya bambanta ni da 'ya'yan cikinsa ba, ko a tuwo ko a bulala.

Baffa yana da garmaho. Wata shekara da gyaɗa ta yi albarka ya sayo shi, ja ne, mai batir, lasifikarsa a jikin murfi. Ba a ganinsa da damina. Sai kaka ta yi, an kai gero rumbu, harawa ta hau kan soro, gari ya cika da ƙamshin ɗanyar gyaɗa da ake dafawa, sannan wata rana bayan la'asar za ka ga Baffa ya fito da shi daga adaka ya ajiye a zaure. Kafin a ce kwabo zauren ya cika. Faya-fayansa ba su da yawa, a cikin wani tsohon zane yake naɗe su. In batir ya fara sanyi muryar makaɗin ta riƙa ja kamar wanda aka tasa daga barci, sai a cire batiran a shanya a rana, washegari su ɗan farfaɗo.

Daɓen zauren namu ba daidai yake ba, ga mu yara da tsalle-tsalle, allura ba ta zama a layinta. Sai Baffa ya samo kwabo mai huda, irin na da, ya ɗaure shi da zare a kan hannun garmahon, daidai saman allurar. Nan take ta daina tsalle. Duk mai garmaho a yankinmu haka yake yi, kuma hikima ake ɗaukar abin. Da aka kwana biyu ta sake fara tsallen, sai ya ƙara wani kwabon a kan na farko.

A cikin faya-fayan akwai na wani makaɗin noma da ba wani suna ya yi ba, ko a rediyo ban taɓa jin an sa shi ba. Shi Baffa ya fi sakawa, kuma da shi yake ba mu haushi. Waƙa tana tafiya, ganga ta yi daɗi, mun fara karkaɗa kafaɗa, sai ya ɗaga allurar ya mayar da ita baya kaɗan. Ta sake zuwa wurin, ya sake mayarwa. Ni da ba ni da haƙuri na taɓa ce masa, "Baffa, a bari ta ƙare mana."

Ko kallona bai yi ba ya ce, "In ka sayi naka ka bari."

Na zama saurayi kafin Goggo, yayar su Baffa, ta tsegunta mini. Muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, waƙar tana shigowa daga zaure, ina kaɗa kai. Ta ce, "Kai da kake ta rawar kai, ka san ubanka yana cikin masu amshin nan?" Ashe da rani, in aikin gona ya ƙare, mahaifina yakan bi makaɗin nan yawo. Kakanmu ya yi faɗa har ya gaji, yana cewa gidansa ba gidan roƙo ba ne, shi ya sa ba a tada zancen a gidan. Sau ɗaya aka kai su Kano aka ɗauki muryarsu. Na ce da Goggo wacce ce muryar tasa. Ta ce ita kunnenta bai rarrabe ba, duk amshi ɗaya take jinsa. "Tambayi uwarka," in ji ta, ta kwashe da dariya, don ta san ta aike ni inda ba zan iya zuwa ba.

Ni ɗan fari ne. Yaran yanzu da uwa take kiran ɗan farinta da sunansa a gaban mutane, har su ɗauki hoto kafaɗa da kafaɗa, ba za su san nauyin wannan kalma ba. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba. In tuwo ya sauka sai ta fuskanci bango ta ce, "A ce da wani ya zo ya ɗauki nasa," alhali ina tsaye a gabanta kuma ba kowa a tsakar gidan sai akuya. Ba ƙiyayya ba ce, na sani, don ƙoshiyar da ta fi kowacce girma a kwanona take sauka. Kunya ce, haka ta tarar ana yi. To matar da ba ta iya ce mini "zo", ta yaya zan tsaya a gabanta in ce ta nuna mini muryar mijinta na fari, a cikin gidan mijinta na biyu? Na haɗiye tambayar, ta zauna mini a ƙirji shekara da shekaru.

Garmahon ya mutu, aka mayar da akwatinsa ma'ajiyar irin kuɓewa. Kaset ya zo ya wuce. Ni ma na bar gida, na zauna a unguwar Bacirawa a Kano ina sayar da kayan gyaran injin ban-ruwa. Goggo ta rasu. Da bazarar bara Baffa ma ya bi ta. Da aka zo rabon kayansa ba wanda ya kalli tsohon zanen nan da abin da ke cikinsa. Ranar da za mu koma Kano sai ga mai ɗakina ta shigo mota da faifai ɗaya a ƙarƙashin mayafinta. Ta ce, "Inna ce ta ba ni. Ta ce in ce da kai, in akwai inda ake sa wannan ya yi magana, za ta nuna wa mai son sani abin da yake son sani."

Tun daga ranar zama bai gan ni ba. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, kunnen ma sai an ɗaga murya. In ta tafi, ba sauran mai rai a duniyar nan da zai iya ce mini ga muryar ubanka.

Na fara da abin da ya fi sauƙi. Na bi masu tura waƙa a waya, rumfa rumfa, ba wanda ya taɓa jin labarin makaɗin. Sai aka kwatanta mini wani mai situdiyo a cikin gari da yake juye tsofaffin faya-fayai a kwamfuta. Na kai masa, ya yi aikinsa, ya tura mini a waya. Gaskiya ranar na yi murna. Waƙar ta fito tas, ba shuu, ba ƙas-ƙas, ya wanke ta kamar an kai riga wajen mai guga. Na ɗauki mai ɗakina muka kama motar Ɗanbatta, ko shago ban rufe da kyau ba.

Mai ɗakina ce ta riƙe wa Inna wayar a kunne, ni ina tsugune a bakin ƙofa. Inna ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce da ita, "Waƙar ce. Amma an tsallake shi."

Na koma wurin mai situdiyo da zafina. Bai yi musu ba. Ya ce akwai wani wuri a tsakiyar waƙar da ya lalace, ba abin da ke fita sai ƙara, shi ne ya yanke ya haɗe bakin don ta yi daɗin ji. Ya ɗauko faifan ya karkata shi a hasken taga ya nuna mini. Ko'ina baƙi ne mai sheƙi, sai wani siririn zobe da ya koɗe ya yi toka-toka. Ina ganinsa na gane. Wurin da Baffa yake mayar da allura ne. Shekara nawa yana ɗora kwabo biyu a kan muryar yayansa yana bi ta kanta yana dawowa, kamar mai noman kwari ɗaya da hauya har ya kai ga tsakuwa. Ba ganga yake so ba. Kewa ce take cinsa, ita kuma allurar tana cin faifan, ba wanda ya sani a cikinmu. Na rasa wanda zan ji haushi, na tsaya ina jin haushin kwabo.

Mai situdiyon ya tura mini wanda bai wanke ba. A waya wurin iska ce kawai. Ya ce na'urarsa ƙarama ce, amma ya ji ana cewa allura mai kyau, mai siririn baki, takan sauka can ƙasan layin inda tsohuwar ba ta kai ba, wataƙila a tarar da ɗan saura. Wataƙila, ya sake faɗa.

Wannan wataƙilar ce ta hana ni sakat. Na shiga kasuwa neman garmaho a zamanin da in ka faɗi sunansa yara suke zaton magani ne. Daga ƙarshe abu biyu na samu, su ne suka yi ta wasa da hankalina.

Na farko sabo ne dal a shagon wani matashi mai kayan wuta. Kamar jakar hannu yake, ruwan ƙasa, da lasifikarsa a jiki, ana yi masa caji, ga wurin sa memori. Ina ganinsa na tuna na Baffa, zuciyata ta tafi. Matashin ya ce, "Alhaji, wannan har waya yake kamawa. Ka ɗauka kawai, ko a gona ka kunna." Ban je Makka ba, amma a kasuwa duk mai niyyar sayayya Alhaji ne. Na ɗaga shi na ji ba nauyi, hannunsa roba ce, ba inda ake rage masa dannawa. Amma ya dace da ƙauyen da wuta sai ta ga dama, kuma a ranar zan iya kai shi gaban Inna.

Na biyu a wurin wani dattijo mai gyaran rediyo yake, cikin 'yan gwanjo. Tsoho ne, baƙi, ga nauyi, ba ya magana shi kaɗai sai an haɗa shi da akwatin ƙara murya da lasifika, kuma sai da wuta. Ba shi da allura ma, sai an aiko da ita daga Legas. Amma a bayan hannunsa akwai wani dunƙulen ƙarfe da ake murzawa, ya ɗauke wa allura nauyi har ta sauka a hankali. Na ba dattijon labarin kwabon Baffa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Wa bai yi ba? Ni uku nake ɗaurawa. Mu muna ƙara mata kaya, ashe masu abin rage mata suke yi." Sannan ya duba zoben nan mai toka ya daina dariyar. Ya ce, "Ba zan yi maka alkawari ba. Kuma ka sani, wurin nan ya riga ya mutu rabi. Ko da wace allura ce, duk sakawa ɗaya sai ta tafi da wani abu."

Na yi ta safa da marwa tsakanin shagunan nan biyu kamar kazar da take neman wurin ƙwai. In na yanke shawara da safe, kafin azahar na warware. Sabon yana nan a hannu, amma ina tsoron ya ƙarasa abin da kwabo ya bari. Tsohon kuma sai an jira allura, ni da jira, ga Inna da aka ce mini ta kwana biyu tana fama da zazzaɓi. Kada kuma ka ɗauka ni irin dattawan nan ne masu cewa komai na da ya fi. Waya ta yi mini rana. A cikinta nake jin karatu da labarai ina aiki, waƙa ko sau dubu ka saka ba ta raguwa, ba ta tsoron rana, ba ta tsoron yara. Faifai kuwa rigima ce zalla: a goge shi, a lallaɓa shi, a zauna a gabansa kamar an zo gaisuwa. Amma waya abin da aka ba ta kaɗai ta sani. Abin da nake nema ba a ba ta ba, yana can a binne cikin baƙar robar nan, in ma yana nan.

Mai ɗakina ce ta gaji da ni. Ta ce, "Baban yara, ka yi shekara kusan hamsin kana jira, sai yanzu za ka yi garaje? Garin neman gira kada ka rasa ido." Na ce ta faɗi gaskiya, na ji haushin ta faɗa, na je na ce da dattijon ya aika a kawo allurar.

An yi ruwan shuka kafin ta iso. Ranar da muka je gida ƙasa tana ƙamshi, jakuna suna ta kai taki gona, ba kowa a gari sai tsofaffi da awaki. Na aro batirin sola a wurin masu cajin waya na bakin kasuwa. Inna ta warware, tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta da hantsi tana zaɓar irin gyaɗa da laluben hannu. Na shimfiɗa katako don na'urar ta zauna daidai, na haɗa wayoyi, na goge faifan. Mai ɗakina ta zauna a tsakaninmu kamar kullum, don a sami wanda za a yi wa magana.

Ganga ta shigo da nauyinta, na ji ta a ciki ba a kunne kaɗai ba. Makaɗin ya fara, 'yan amshi suka karɓa. Wannan karon ba dunƙule ɗaya suke ba, mutane ne, wani a dama, wani a baya, wani da kaushin murya. Inna ta ajiye faifan gyaɗarta. Allura tana matsawa kusa da zoben, ni kuwa na kasa tsugunawa na kasa tsayawa.

Sai waƙar ta nutse cikin ƙara, kamar ruwa ya sauko a kan kwano. Na ce a raina shi ke nan, an yi asara. A lokacin na ji an kama mini wuyan hannu. Inna ce. Ta miƙo hannu ta gaban mai ɗakina ta riƙe ni, ta ɗaga yatsa ɗaya na ɗaya hannun.

"Ga shi nan," ta ce. "Ka ji shi?"

Ni take tambaya. Ba bango ba, ba akuya ba.

Na kasa kunne har na daina numfashi. Can ƙarƙashin ƙarar akwai wani abu yana hawa yana sauka, siriri, kamar mai kira daga gona mai nisa. Ban kama kalma ko ɗaya ba. Amma murya ce, ta mutum ɗaya, ba amshi ba. Duk tsawon shekarun nan katuwar murya na ƙera wa mahaifina a raina, ashe 'yar siririya ce, kuma da sauri take tafiya. Kafin in gama jin ta 'yan amshi sun rufe ta.

Inna ta ce, "Kunya yake ji in an bar shi shi kaɗai, shi ya sa yake sauri." Ba ta saki hannuna ba. Sannan ta ce, "Mayar."

Maganar dattijon ta faɗo mini. Na kalli zoben, na kalli Inna. Na ɗaga allurar na mayar da ita baya kaɗan, hawaye yana hana ni ganin layin.

Yanzu na'urar tana ɗakina a Bacirawa, an rufe ta da zane. 'Ya'yana suna ce mata kakar rediyo. Su komai nasu a waya yake, muryata ma suna da ita, da ta Inna, da ta kowa, in mun mutu ba za su yi yawon kasuwa neman mu ba, kuma ina yi musu murna da hakan. Na gwada ɗaukar wurin nan da waya yayin da faifan yake juyawa, don in huta in bar shi ya huta. Muryar Inna ta fito sarai, siririyar kuwa wayar ta haɗa ta da ƙara ta shafe. Don haka duk zuwan da zan yi gida sai na ɗauki kayan nan masu nauyi, direbobin Ɗanbatta har sun san ni da su. A hanya ina ce wa kaina yau sau ɗaya kawai za a saka. Ban taɓa cika wannan alkawarin ba.

Kowane zuwa muryar tana ƙara nisa. Wancan makon da na je, allura ta shiga zoben, Inna ta ɗaga yatsa daidai inda ta saba, ni kuwa na kasa kunne iya ƙarfina, ba abin da na ji sai ƙara. Ta ce, "Ka ji shi?"

Na ce, "Inna, yau ban ji ba."

Ta janye kwaryar da ke gefenta, ta share tabarmar da tafin hannu. Ta ce, "To matso kusa."

Na matsa, na mayar da allurar.